Karena ya ƙi daina lasar ƙafafunsa, har wurin ya fara wari

Abba_Dorayi:
Assalamu alaikum jama'ar gida. Dan Allah ina neman shawarar masu kiwon karnuka da likitocin dabbobin da ke cikin zauren nan. Ina da kare na gadi, ruwa biyu ne, uwarsa 'yar gida ubansa Alsashiyan, bai daɗe da shiga shekara uku ba. Tunda daminar nan ta kankama ya tsiri lasar ƙafafunsa na gaba, ba irin lasar da aka saba gani ba ta ɗan lokaci ya bari, a'a, sai ya kwanta ya sa ƙafar a gaba yayi ta lasa yana gatsar tsakanin yatsun, da daddare ma daga ɗaki ina jiyo ƙarar. Yanzu gashin wurin ya koma ja-ja kalar tsatsa, tsakanin yatsun kullum a jiƙe, ga wani wari da ke tashi. Yana cin abincinsa lafiya lau, yana haushi, baya wani ɗingishi. Maƙocina yace in shafa masa baƙin mai na mota wai shine maganin, ni kuma hankalina bai kwanta ba. Me ke kawo wannan, kuma me zan yi masa? Wallahi tausayi yake bani.

Sadiq_KD:
Wa'alaikumussalam. Kaska ce. Ka buɗe tsakanin yatsun ka duba, damina lokacinsu ne, can ciki suke maƙalewa inda ido baya kaiwa.

MamanIkram:
Malam Abba dan girman Allah karka sa masa baƙin mai. Kuma duk wanda yace maka ka fesa masa fiya-fiya kada ka saurare shi. A layinmu akwai wani bawan Allah da ƙuma ta addabi karensa, ya zuba fiya-fiya a ruwa yayi masa wanka, kafin la'asar karen na ta dalalar da yawu jikinsa na karkarwa, kafin a samo mota ya mutu a bakin get, yaran gidan har abinci suka ƙi ci ranar. Kai kuma naka matsalar tasa ma lasa ce, duk abinda ka shafa a ƙafar cikinsa zai tafi.

SarkinDawa_Ningi:
Yaro bari in tambaye ka tukuna, ƙafa ɗaya yake ci ko duka biyun? Domin mu a dawa da wannan muke fara ganewa. Kare in ya dage kan ƙafa ɗaya to akwai abinda ya shige shi, ƙayar aduwa ce ko tsidau ko ƙarangiya ko kwalba. Ƙarangiya ita tafi mugunta ga kare mai gashi, tana shiga kwarmin da ke tsakanin yatsu gashi ya lulluɓe ta, ƙananan ƙayoyinta su kakkarye a cikin nama, wurin ya kumbura yayi ruwa, in baka kula ba sai ya ɓule. Ni duk ranar da muka dawo farauta ba na zama cin tuwo sai na bi karnukana ɗaya bayan ɗaya, in kwantar da kowanne a gefensa in ɗaga ƙafa, in danna kowane dagi da babban yatsa ina kallon fuskarsa, inda ya fizge nan ciwon yake. Sai in haska da tocila in ciro da hantsaki, in wanke da ruwan ɗumi da ɗan gishiri. Amma fa ƙarangiya sai kaka take bushewa ta kama, kai kuma kace damina, kuma karen gida ne ba ya shiga jeji. To ka duba dai. Ka duba faratan ma, in sun yi tsawo suna lanƙwashewa su soki naman, karen da ke ɗaure baya gudu farcensa baya cinyewa.

Abba_Dorayi:
Baba Sarkin Dawa na gode. Duka biyun na gaba ne, kuma jiya na lura yana ɗan taɓa na baya. Zan duba yadda kace in Allah ya kaimu safiya, yanzu duhu yayi kuma babu wuta.

Garba_Makanike:
Ni fa gaskiya ban yarda baƙin mai baya aiki ba. A garejinmu akwai karyar da kirci ya cinye mata gashi tas, muka shafe ta da shi, bayan wani lokaci gashi ya fito. Tun muna yara haka muke gani ana yi, ba kowa ke da kuɗin asibitin dabbobi ba.

Dakta_Hauwa:
Salamu alaikum. Malam Abba sannu da ƙoƙari, kuma ka kyauta da ka tambaya kafin ka shafa komai. Bari in fara da cewa lasar ba ita ce cutar ba, alama ce, kare bashi da hannun sosawa tsakanin yatsu sai harshe da haƙori, saboda haka duk abinda ya yi masa ƙaiƙayi ko zafi a wurin lasa zai yi. Jan da ka gani a gashin yawunsa ne ya rina shi, akwai wani sinadari a yawun kare da hawayensa da ke barin wannan kalar tsatsar in ya daɗe yana taɓa gashi, wannan yana gaya mana abin ya ɗauki makonni ba jiya ya fara ba. Warin kuma galibi wani naman gwari ne mai suna Malassezia, dama yana zaune a fatar kowane kare ba tare da ya cutar ba, amma in wuri ya zauna a jiƙe da ɗumi sai ya hayayyafa, shi ma ya kawo nasa ƙaiƙayin, karen ya ƙara lasa, wurin ya ƙara jiƙewa, haka abin zai yi ta zagaye. Wani lokacin har bakteriya su shiga a ga ƙuraje masu mugunya.

Abinda Baba Sarkin Dawa ya faɗa daidai ne, ƙafa ɗaya mu fara zargin ƙaya ko rauni ko farce, ƙafa biyu zuwa huɗu kuma mu koma kan abinda ya shafi jiki duka ko abinda yake takawa. Ga tambayoyina. Yana kaɗa kai ko sosa kunne? Cikinsa da hammatarsa sun yi ja? Bara da damina yayi haka? A ina yake kwana, siminti ko ƙasa, kuma da me ake wanke wurin? Yaushe rabonsa da maganin tsutsar ciki da na ƙuma da kaska?

Malam Garba, na san ana yi, amma baƙin mai akwai dalma da sauran dattin inji a cikinsa, yana ƙona fata, in kare ya lasa yayi amai man na iya shiga huhunsa. Akwai irin ƙazuwar da ke kama ƙananan karnuka wadda in ba ta yi yawa ba tana warkewa da kanta yayin da suka girma, sai a ce man ne. Fiya-fiya kuwa guba ce kai tsaye, abinda Maman Ikram ta siffanta, dalalar yawu da karkarwa, shine ainihin alamarta.

Garba_Makanike:
To Dakta na ji, amma ita dai karyar tamu ta warke kuma tana nan da ranta.

Nura_Tudunwada:
Ni tsoro na ɗaya ne, anya ba farkon haukan kare bane? Na taɓa jin ance in zai fara suna cizon jikinsu. Malam Abba in akwai yara a gidan ka yi hattara.

Dakta_Hauwa:
Malam Nura, gaskiya ne karen da ya kamu yakan ciji ko ya lashi wurin da aka cije shi, amma haukan kare in alamunsa suka bayyana baya ɗaukar lokaci, yawanci cikin kwana 10 ya mutu, kuma zaka ga halinsa ya canza, ya kasa haɗiya, muryarsa ta sauya. Karen da ya yi makonni yana lasa yana cin abinci yana gadinsa ba wannan bane. Amma tunda ka tado maganar, duk mai kare ya yi masa allurar rigakafi tun yana wata 3 kuma a riƙa sabuntawa, cibiyar binciken dabbobi ta Vom a jihar Filato tana yin allurar a nan gida. In kuma kare ya ciji mutum a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudana na minti 15 a tafi asibiti a ranar, ba a jira a ga ko karen zai haukace.

Ummu_Sudais:
Ku yi haƙuri ba wai katsalandan ba, amma ni abin da ke ɗaure min kai shine yadda ake cewa a kama ƙafar kare a buɗe yatsu alhali duk yawu ne a wurin. Ba najasa bane? Ga sallah ga kayan jiki.

Malam_Bello_Gwale:
Malama tambayarki a kan hanya take. Malamai sun yi saɓani. A mazhabar Malikiyya da mafi yawanmu muke bi a ƙasar nan, kare mai rai ba najasa bane, har yawunsa, wanke ƙwarya sau bakwai in ya sa baki a ciki kuma suna ɗaukarsa a matsayin bin umarni ne. Shafi'iyya da Hanbaliyya su suna ganin najasa ne. Wanda zuciyarsa bata natsu ba sai ya sa safar hannu ta roba, ya keɓe tufafin da yake wannan aikin da su, ya wanke hannu bayan ya gama. An yi rangwame a kan karen farauta da na kiwo da na gona, malamai da dama sun haɗa da gadin gida in akwai buƙata. Kuma wanda ya ajiye dabba to haƙƙinta na wuyansa, ci da sha da magani. Hadisin mutumin da ya shayar da kare mai ƙishirwa Allah ya gafarta masa yana cikin Bukhari da Muslim.

Ummu_Sudais:
Na gode Malam, Allah ya ƙara ilimi. Ni dai a gidanmu ba a saba ba shi yasa.

Yakubu_Bukuru:
Mu dawo kan ƙafar. Malam Abba ka duba ko akwai wani ƙurji mai tauri da ɗan rami a tsakiyarsa. Nan wajenmu da damina akwai ƙudan da ke yin ƙwai a cikin yashi inda kare ke fitsari ko kashi, musamman wuri mai inuwa, in karen ya kwanta tsutsar ta huda fatarsa ta zauna ciki tana girma. Kwikwiyo na da na karɓo bara na ga yana ta cin ƙafarsa yana kuka, da na duba sai ga ƙuraje a tafin da ciki da gindin wutsiya, in ka ƙura ido zaka ga wani abu fari yana motsi a bakin ramin. Man basilin na toshe ramin da shi, ta rasa iska ta fara leƙowa, na matsa a hankali daga gefe ta fito ɗungurungum, fara ce mai kauri. Kar a matse da ƙarfi ta fashe a ciki, nan ne wurin ke ruɓewa. Kuma ƙudan nan har a kan shanya yake ƙwai, shi yasa iyayenmu ke dagewa sai an goge kayan yara.

Sadiq_KD:
Har yanzu ni kaska nake zargi ko ƙuma. Nawa tunda na fara bashi ƙwayar nan ta taunawa, NexGard, duk wata, ban ƙara ganin yana susa ba. Akwai Bravecto ma ita sati 12 take yi. Tsada dai kam akwai ta, amma in ka lissafa kuɗin wanka da magani da ake ta saya tafi sauƙi.

Issoufou_Damagaram:
Sallama daga Damagaram. Mu nan matsalarmu ta rani ce, ba ta damana ba. A watan huɗu da na biyar rairayi da gudron, wato kwalta, suna zafi har su ƙone tahin kare, sai ka ga fatar ta saɓule yana ta lasa. Ni abinda nike yi, in aza bayan hannuna bisa ƙasa, in ban iya daurewa ba to shi ma bai iyawa, sai in bari sai marece. Lokacin ɗari kuma tahin na tsagewa don bushewa, man kaɗe nike shafa mishi kaɗan da dare, ko ya lasa ba komi. Amma naka da ka ce jiƙe yake yana wari, kar ka sa mai, mai zai ƙara riƙe damshi. Bushewa yake so.

Dakta_Hauwa:
Malam Issoufou ya faɗi magana mai muhimmanci, a riƙe ta. Man kaɗanya na busasshen tafi ne mai faso, ba na jiƙaƙƙe ba.

Abba_Dorayi:
Jama'a barkanmu da safiya. Na duba kamar yadda Baba ya koya min, ƙanina ya riƙe min kansa. Babu ƙaya, babu ƙurji mai rami, na samu kaska guda biyu ƙanana a kunne amma babu a ƙafa. Tsakanin yatsun ja ne sosai, akwai wani maiƙo-maiƙo ruwan ƙasa a gindin faratan, in na taɓa baya fizgewa, sai ma ya fara lasar hannuna. Amsar tambayoyin Dakta: eh yana kaɗa kai kwana biyun nan, kunnen hagu akwai datti baƙi. Cikinsa ɗan ja kaɗan. Bara ma ina jin yayi amma bai kai haka ba, da aka shiga hunturu ya bari. Kejinsa siminti ne, yaron da ke share wurin yana zuba maganin wanke banɗaki mai ƙarfin warin nan kullum da safe, kuma ashe baya ɗaurayewa, yana mayar da shi ciki tun wurin bai bushe ba. Bayan kejin akwai ɗan fili mai yashi nan yake kashi. Maganin tsutsa kuwa ya daɗe rabonsa da shi.

MamanIkram:
To ai ga shi nan! Maganin banɗakin nan ko hannun mutum ya daɗe a ciki sai ya saɓule, balle wanda zai wuni a tsaye a kai.

Dakta_Hauwa:
Madalla, yanzu muna da abin kamawa, amma ba ɗaya bane, uku ne, kuma zai iya yiwuwa duka sun haɗu. Maganin wanke wurin a daina yau, a wanke da sabulun gari da ruwa a ɗauraye sosai, a bar shi ya bushe kafin a mayar da shi, a sa masa katako ko wani abu mai ɗan tudu da zai hau ya kwanta. Na biyu yashin da yake kashi a ciki. Akwai tsutsar hanji mai ƙugiya da ƙwanta ke fita a kashin kare, su ƙyanƙyashe a ƙasa mai damshi, 'ya'yan su huda fatar tsakanin yatsu su shiga, wannan na sa ƙaiƙayi mai tsanani kuma damina ce lokacinsa. Yara masu yawo ba takalmi a wannan yashin su ma tana shiga ƙafarsu, zaka ga wani jan layi mai lanƙwasa yana tafiya a ƙarƙashin fata. Saboda haka a riƙa kwashe kashin kullum, a ba shi maganin tsutsa gwargwadon nauyinsa, babban kare duk wata 3.

Na uku kuma shi na fi zargi, alaji, wato jikinsa ya ƙi jituwa da wani abu da baya damun sauran karnuka. Ƙafa da kunne da ciki tare, ya zo da damina ya tafi da hunturu ya sake dawowa da ƙarfi, shekarunsa tsakanin ɗaya da uku, ga jinin Alsashiyan da dama an san su da wannan, duk sun yi kama da alajin abubuwan da ke muhalli, garin furen ciyawa, ƙura, ƙananan ƙwarin da ke cikinta, fumfuna. Wannan ba a warkar da shi gaba ɗaya, lallaɓa shi ake yi, amma kare na rayuwarsa lafiya in an kula. Ka kai shi asibitin dabbobi a manna ɗan salatif a wurin a duba a madubin likita, a kankari fatar kaɗan don a tabbatar ba ƙazuwa bace, a leƙa kunnen. Kafin nan, duk sanda ya taka ciyawa ko taɓo ka wanke ƙafar da ruwan ɗumi ka tsane tsakanin yatsun da tsumma mai tsabta har su bushe, ka rage gashin wurin da almakashi. Akwai sabulun ruwa na karnuka mai chlorhexidine da miconazole, ana shafawa a bar shi minti 10 kafin a ɗauraye, sau biyu a sati.

Abinda nake roƙo kada a yi: kada a ba kare ibuprofen ko diclofenac, suna huda masa ciki su taɓa ƙoda. Parasitamol ma sai da awon likita, kyanwa kuwa kashe ta yake. Allurar dexa da ake yawan yi a kemis tana kwantar da ƙaiƙayi nan take, mai kare ya ji daɗi, amma in akwai ƙwayar cuta ko ƙazuwa a ƙasa sai ta ƙara musu ƙarfi.

Fatima_Manchester:
Dakta kamar kin san namu. Mu nan Ingila karen maƙociyata haka yake duk bazara in ciyawa ta yi fure, likitansu ya ɗora shi a kan wani maganin ƙaiƙayi mai suna Apoquel, kuma da sanyi in an watsa gishiri a titi saboda ƙanƙara sai ta wanke masa ƙafa duk dawowa daga yawo. An kuma sa ta gwada canza abinci, nama iri ɗaya da bai taɓa ci ba da abu ɗaya mai sitaci, sati 8 cur ba a haɗa da komai, don a ga ko abinci ne. Ashe ba shi bane. Na kawo ne don Malam Abba ya san in aka ce ya gwada sai yayi haƙuri, ba abin kwana uku bane.

Sadiq_KD:
Sati 8 ba a bashi ragowar tuwo ba? A gidan Bahaushe da yara ke jefa masa duk abinda suka rage? Da wuya Anti.

Aminu_Kaji:
Ni kan kaji da ƙafar kaji nake dafa wa nawa da dusa da ƙanzo, shekara da shekaru, ban taɓa ganin wani alaji ba. Kar a sa mutane su tsorata da kaza.

Dakta_Hauwa:
Malam Aminu, ba kowane kare ba, ƙalilan ne. A cikin waɗanda abinci ke damu, naman sa da madara da kaza da alkama su aka fi samu, amma wanda abinci ne matsalarsa ƙaiƙayinsa baya bin damina ko rani, duk shekara ne. Shi yasa ban sa shi a gaba ba a kan na Malam Abba. Ragowar miya mai albasa da yawa dai a rage, albasa na fasa musu jini.

SarkinDawa_Ningi:
Likita na ji bayananki kuma na ƙaru, 'yata Allah ya yi albarka. Amma akwai abu ɗaya da ba a taɓo ba. Yaro, karen nan sau nawa yake fita daga kejin? Kare dabbar gudu ce. Ka ɗauki mai jinin Alsashiyan ka kulle shi a ɗaki taku uku tun asuba har sha ɗayan dare, ba abokin wasa, ba abin shinshina, me kake so yayi da ransa? Na taɓa karɓar wata karya daga hannun wani ɗan birni, ta cinye gashin hannunta har ya zama gyambo mai tauri, sun yi magani sun gaji. Ban sa mata komai ba in banda wanki, na dai sake ta cikin 'yan uwanta tana bin mu jeji, tana dawowa a gajiye ta kwanta barci. Gyambon da kansa ya rufe.

Nura_Tudunwada:
Baba wai kare ma yana shiga damuwa kenan? Ni fa ban taɓa ɗauka ba.

SarkinDawa_Ningi:
Yana shiga mana. Wanda ya zauna da su ya sani. In uban gidansu ya mutu ma akwai wanda ke ƙin cin abinci.

Dakta_Hauwa:
Baba gaskiyarka, muna ganin wannan, gyambo ɗaya mai kauri a saman wuyan hannu, yawanci manyan karnuka da ke zaune ba aikin yi. Sai dai ni ina barin wannan a ƙarshe, sai na kore ƙaiƙayi da ciwo tukuna, saboda sau da yawa wani abu ne ya fara tayar da lasar sannan ta zame masa jiki. Na Malam Abba ga kunne ga ciki, zaman kaɗaici baya sa kunne datti. Amma fitar da shi yawo safe da yamma ba zai cutar da shi ba sai dai ya amfane shi.

Zainab_Sabongari:
Tambaya dan Allah, in an sa masa safa fa don ya daina kaiwa ga wurin? Ni haka na yi wa tawa.

Yakubu_Bukuru:
Safa da damina? In ta jiƙe ai kin ƙara masa. Kuma wasu cinye ta suke ta toshe musu hanji. Gara abin wuyan nan mai kama da mazurari, in babu na saya ka samu bokitin roba mai laushi ka yanke gindinsa, ka naɗe bakin da tsumma don kar ya yanke shi, ka ɗaura a jikin abin wuyansa. Zai yi ta karo da bango ranar farko amma yana sabawa. Ka tabbatar dai yana iya kai baki ga ruwa.

Abba_Dorayi:
Salam jama'a, na kai shi asibitin dabbobi. Sun manna salatif ɗin nan kamar yadda Dakta tace, sun ce naman gwarin ne da yawa a ƙafa da kunne, ba su ga ƙazuwa ba. An bashi maganin tsutsa da na kaska, da sabulun wanke ƙafa da maganin ɗigawa a kunne, an yanke masa farce. Likitan yace shi ma alaji yake zargi amma ba zai yanke hukunci ba sai an kashe wannan an ga abinda ya rage, in koma bayan sati biyu. An daina zuba maganin banɗakin, na sa an kwashe yashin an zuba sabo, kuma ina fita da shi bayan sallar asuba. Lasar ta ragu da rana amma da daddare har yanzu yana yi.

MamanIkram:
Alhamdulillah. Ni dai har yanzu ina ganin maganin banɗakin ne, za ka gani.

SarkinDawa_Ningi:
Da daddare yake yi saboda lokacin ne babu kowa. Ka ƙara masa yawon yamma, ka samo masa ƙaton ƙashin sa ɗanye wanda ba zai iya fasawa ba ya riƙa gwagwiya.

Dakta_Hauwa:
Ko kuma saboda da daddare babu abinda ke ɗauke masa hankali daga ƙaiƙayin, Baba. Malam Abba kada ka tsayar da wankin don ka ga sauƙi, ka cika kwanakin da aka ce, kuma ka rubuta a wayarka watan da ya fara da watan da ya lafa, baɗi zai yi maka amfani.

Haruna_Funtua:
Ku gafarce ni na shigo a makare. Nawa tsoho ne, ya haura shekara goma, shi ba tsakanin yatsu yake lasa ba, daidai gaɓar hannun dama yake yi, babu ja babu wari, kuma in ya tashi daga kwanciya da safe sai ya ɗan jima kafin ya miƙe sosai. Shi ma sabulun zan saya ko nasa daban ne?

Dakta_Hauwa:
Naka daban ne Malam Haruna, wannan yafi kama da ciwon gaɓa na tsufa, wurin da ke masa zogi yake lasa. Kar ka bashi maganin ciwon jiki na mutane. Ka lanƙwasa gaɓar a hankali ka gaya min ko yana fizgewa, kuma akwai kumburi in ka gwada da ta hagu?